Likita ya rubuta wa Baba eko, Yaya ya ce sai siti sikan: wanne za mu bi?

Sadiq Mai Albasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema daga masu sani. Mahaifinmu ya zo mana daga gida yau sati biyu, shekarunsa sun haura 65. Tun kafin ya taso ƙafafunsa ke kumbura. In zai hau benen gidan da muke haya a Ketu sai ya tsaya sau biyu yana haki, da dare kuma ba ya iya kwanciya sai an tara masa matashi uku. Mun kai shi asibiti, likita ya auna jini ya samu 170 bisa 100, ya saurari ƙirji, ya danna ƙafar da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya rubuta gwajin jini, da isiji, da hoton ƙirji, da wani da ya kira eko. To yayana da ke Abuja ya bugo ya ce waɗannan duk ƙananan gwaje-gwaje ne, kada mu tsaya wahalar da tsoho, mu wuce kai tsaye a yi siti sikan ko emarai, manyan injinan ɗaukar hoton cikin jiki, wanda zai nuna komai a lokaci guda, shi zai biya. Na rasa yadda zan yi. Ba na so in yi wa Baba rowar lafiya, ba na kuma so in tsallake maganar likita.

Maman Khairat: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai a ganina ka bi abin da wanda ya duba shi ya ce. Yayanku bai ga ƙafar ba.

Ɗan Agege: Amin. Amma fa Sadiq, tunda an samu mai biya me zai hana a yi babban? Ai mai tsadar ba banza ya yi tsada ba. Injin da ake tura mutum ciki gaba ɗaya ba za ka haɗa shi da ɗan abin da ake goga maka a ƙirji ba.

Likitan Unguwa: Malam Sadiq, sannu da jinya. Ban ga Baba ba, don haka ba magani zan rubuta masa a nan ba, bayani kawai zan yi. Ɗan Agege, a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Gwaje-gwajen nan ba matakala ba ce da za a ce na sama ya haɗiye na ƙasa. Kowanne akwai tambayar da yake amsawa.

Isiji wutar da ke tafiyar da zuciya yake rubutawa a takarda: bugun daidai yake ko yana tsalle, akwai alamar wani sashe ya taɓa rasa jini ko babu. Hoton ƙirji inuwa ce, yana nuna ko zuciya ta yi girma da ko ruwa ya taru a huhu. Eko kuwa shi ne irin sikanin da ake yi wa mai ciki, sai dai a ƙirji ake ɗora shi. Da sauti yake aiki, ba shi da tururin haske mai illa. Kana kwance a gefen hagu mai yi yana kallon zuciyarka tana matsawa tana saki, yana ganin ƙofofinta huɗu suna buɗewa suna rufewa, yana auna kaurin bangonta, yana ganin in ruwa ya kewaye ta.

Yanzu dubi abin da Sadiq ya faɗa: kumburin ƙafa, haki, rashin iya kwanciya miƙe, ga hawan jini. Tambayar da ke gaban likitan ita ce, zuciyar nan tana tura jini yadda ya kamata kuwa? In ba ta yi, me ya hana ta, bangon ne ya gaji ko ƙofa ce ta lalace? Gwajin farko da ake yi don wannan tambaya, a Legas ko a Landan, eko ne. Siti sikan na zuciya aikinsa daban: ya fi ƙwarewa wajen nuna jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar ko sun cushe.

Ɗan Agege: To Likita, in an yi duka biyun fa? Ai ba a asara.

Likitan Unguwa: Ana yi. Na farko, siti na jijiyoyin zuciya sai an ɗura wa mutum wani ruwa mai sinadarin aidin ta jijiya, kuma ƙoda ce ke fitar da shi. Dattijon da ya daɗe da hawan jini ba mamaki ƙodarsa ta riga ta raunana, shi ya sa aka fara rubuta gwajin jini. Na biyu, ana so mutum ya kwanta miƙe ya riƙe numfashi, zuciyar kuma tana bugawa a hankali, har ma akan ba da maganin rage gudunta. Wanda ba ya iya kwanciya sai da matashi uku fa? Hoton ma ba zai fito da kyau ba. Emarai ya fi haka daɗewa a ciki. Na uku, tururin. Hoton ƙirji guda ɗaya bai wuce abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama a kwana 10 ba, amma siti na ƙirji ya kai na wajen shekara 2. In akwai buƙata wannan ba abin tsoro ba ne, amfanin ya rinjayi illar nesa ba kusa ba. In babu buƙata, to me ya kai ka?

Baba Direba Apapa: Ku yi haƙuri zan sa baki, don abin ya taɓa ni. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, tirela yake ja kamar ni. Ya riƙa cewa in ya yi tafiyar ƙafa daga gareji zuwa masallaci ƙirjinsa na ɗaurewa kamar an ɗora masa buhu, in ya tsaya minti biyar sai ya saki. Aka yi masa isiji aka ce lafiya, aka yi eko aka ce lafiya, aka ce olsa ce, aka ba shi farin ruwan nan na kwalba. Wata bakwai bayan nan ya faɗi a bakin mota. Da kyar aka ceto shi, aka ce jijiya ce ta toshe. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Da an yi masa babban hoton tun farko da ba a kai nan ba. Don haka ni ban yarda a riƙa cewa ƙaramin gwaji ya isa ba.

Likitan Unguwa: Baba Direba, Allah ya ƙara masa lafiya. Kana da gaskiya a kan ƙanenka, kuma ba zan kare abin da aka yi masa ba. Ciwon ƙirjin da ke zuwa da tafiya ya tafi da hutu alama ce da kowane ɗalibin likitanci ya sani. Mai irin wannan, isijinsa da ekonsa suna iya fitowa tas in yana zaune yana hutawa, domin zuciyar ba ta neman jini da yawa a lokacin. Shi ne wanda ya dace a ɗora a kan injin tafiya ana auna shi yana gumi, ko a yi masa siti na jijiyoyin zuciya. Ka ga gwajin da yayan Sadiq yake nema, ƙanenka ne ya cancance shi. Abin da aka gaza a wurinsa sauraro ne, da an ji labarinsa da kyau da an san gwajin da za a tura shi.

Baba Direba Apapa: To na ji wannan. Amma talaka ta ina zai san an saurare shi ko ba a saurare shi ba?

Nas Rakiya: Ranka ya daɗe, ta hanyar tambaya. Shekara 14 ina aikin jinya a garin nan, kuma abin da ke ba ni tausayi da mutanenmu shi ne kunya a gaban likita. Bayerabiya za ta tsare likita sai ya yi mata bayani, namu kuwa sai ya karɓi takarda ya ce na gode, ya fito waje yana tambayar mai gadi. Wani ma Turancin ne bai ji ba, kuma ba zai ce bai ji ba. Ku riƙa zuwa da wanda zai fassara. Ku tambaya: wannan gwajin me ake nema da shi? In ya nuna kaza me za a yi, in bai nuna ba me za a yi? In amsar duka biyun ɗaya ce, to kuna da damar ku ce a dakata. Kuma ku faɗi ciwon yadda yake, yaushe yake zuwa, me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi. “Jikina ne ba daɗi” ba ta isa likita ya gano komai ba.

Mai Canji: Ni fa abin da na sani shi ne akwai kamasho a harkar nan. Wani ƙaramin asibiti da na je a bara, ciwon kai kawai na kai, aka rubuto min takarda cike, kuma aka ce lallai sai a wuri kaza zan yi. Na tambayi dalili aka ce injinsu ya fi kyau. Ban koma ba.

Nas Rakiya: Ba zan ce babu ba, Alhaji. Akwai masu yi, Allah ya shirye su. Amma jerin da aka ba Sadiq ba irin wannan ba ne, ko a asibitin gwamnati abin da za a rubuta ke nan. Abin da zan ƙara shi ne, eko ya danganta ƙwarai da hannun mai yi. A tambaya ko likitan zuciya ne zai yi ko zai duba sakamakon. Asibitocin koyarwa biyu na garin nan, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, duk suna da sashen zuciya. Masu katin inshorar Ilera Eko ko na wurin aiki su tambaya tukuna ko gwajin yana cikin abin da aka ɗauke musu.

Hajiya Uwar Biyu: Ni eko ne Allah ya sa ya zama sanadin rayuwata, shi ya sa da na ga zancen na kasa shiru. Bayan na haifi 'yan biyu da kamar sati shida na fara kumbura, tari ba dare ba rana, in na ɗauki jariri daga gado zuwa tabarma sai na zauna na huta. Gwaggona da ta zo min wankan jego ta ce ai jego ne, kowa da haka ta yi. Kemis ya ce sanyi ne ya ba ni maganin tari. Ranar da na kasa sallar asuba a tsaye maigida ya ce a'a. Aka shafa min wani abu mai sanyi kamar kamu a ƙirji, likitar ta juyo min da allon ta ce Hajiya kalli, wannan zuciyar taki ce, kin ga da kyar take motsi. Wallahi na gani da idona, tana ɗan lumshewa kawai. Ta ce ƙarfin turawar 28 ne cikin 100, na mai lafiya kuma daga 50 ne zuwa 70. Aka ɗora ni a kan magani. Bayan wata shida aka sake, ya hau 48. Mata, kumburi da haki bayan haihuwa ba jego ba ne.

Maman Khairat: Allahu akbar. Sannu Hajiya. To wai da gaske ne kunun kanwa da ruwan zafi ke kawo shi? Mu dai haka muka taso muna ji, amma kakanninmu sun sha sun yi tsawon rai.

Likitan Unguwa: Wannan ciwon na masu jego Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin da suka yi aiki a Zariya a shekarun 1970 ne suka fara danganta shi da kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano da abokan aikinsa suka bibiyi mata a asibitoci da dama na ƙasar nan, aka buga sakamakon a 2020. Abin da ya fi fitowa shi ne talauci, da rama, da hawan jinin ciki. Don haka ba za a ɗora wa kanwa laifin duka ba. Amma kanwa gishiri ce, kuma duk zuciyar da ta raunana gishiri ƙara mata kaya yake yi. Wadda aka gano tana da shi ta bar kunun kanwa, kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai ta yi shawara da likitan zuciya an sake eko. Eko ba ya cutar da mai ciki ko mai shayarwa.

Malam Na'ibi: Jazakumullahu khairan. Zan so a samu wata daga cikin ma'aikatan jinya ta zo ta yi wa matan Islamiyyarmu wannan bayanin da bakinta. Nas Rakiya, in da hali.

Nas Rakiya: In sha Allah Malam, in ranar hutuna ta dace da Asabar.

Alhaji Tanko Alaba Rago: Ni kuma kishiyar labarin Baba Direba ce ta same ni. Lafiyata ƙalau, ba abin da ke damuna, shekarata 44 a lokacin. Na ga abokai suna zuwa a ɗauki hoton cikin jikinsu gaba ɗaya da inji, na ce ni ma bari in je tunda Allah ya hore. Ribar raguna ta sallah guda na zuba. Zuciya aka ce lafiya, amma aka ga wani ɗan ɗigo a huhu. Daga nan barci ya ƙaurace min. Aka ce in dawo bayan wata shida a sake, na sake, aka ce in ƙara dawowa. Sama da shekara ina kallon 'ya'yana ina hawaye a ɓoye. A ƙarshe aka ce tabon wani tsohon ciwo ne, bai motsa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, duk zirga-zirgar nan ashe hawan jini na nan yana cina, kuma a ɗan teburin wata nas aka gano shi, da abin awon da ake ɗaurawa a hannu.

Ɗan Agege: Amma Alhaji da ɗigon nan ya zama wani abu fa? Da yanzu godiya kake yi.

Alhaji Tanko Alaba Rago: Haka ne, ban musa ba. Amma wanda bai kwana da wannan fargabar ba ba zai gane ba.

Ummu Hanif: Don Allah tambaya a gefe. Ni faɗuwar gaba ke damuna, sai in ji zuciyata ta yi tsalle kamar ta tsaya sannan ta ci gaba. An yi isiji sau biyu ba a ga komai ba. Eko zan nema?

Likitan Unguwa: Isiji na daƙiƙa 10 ne kawai, in abin bai zo a lokacin ba ba zai kama shi ba. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa mutum ya tafi da ita gida ta kwana tana rubuta bugun, awa 24 ko fiye. Ki tambayi likitanki ita, a kuma duba yawan jininki da maƙoƙo, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna sa haka. In kina yawan shan shayi mai kauri ko goro ki faɗa masa. In kuwa abin na zuwa da jiri ko suma, kada ki jira.

Kuma tunda muna nan, jama'a a riƙe wannan: ciwon ƙirji mai nauyi da ya wuce minti 15 bai saki ba, da gumi, ko yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ba lokacin neman wurin hoto mai araha ba ne. A nufi sashen gaggawa mafi kusa, ko a kira 112 ko 767. A can isiji da gwajin jini za a fara, cikin mintuna. Masu ciwon suga su ƙara kula, nasu yakan zo ba zafi sosai, sai haki da gumi da kasala.

Baba Direba Apapa: Mafi kusa ɗin nan ita ce magana. Wanda ya san gosulon Apapa ya san in ka ce sai asibitin da ka saba, a hanya za a yi ta.

Mai Canji: Likita, wani abokina an ce jijiyarsa ta ɗan tsuke, yana shirin tafiya Indiya a sa masa ƙarfen buɗe jijiya. Ba ya jin komai sai in ya yi sauri sosai. Dole ne?

Likitan Unguwa: Wannan sai wanda ya ga hotonsa, domin ya danganta da wace jijiya ce da kuma ƙarfin zuciyar. Amma akwai babban bincike da aka buga a 2020 a kan mutum sama da 5,000 masu irin wannan ciwon da ya tsaya wuri ɗaya. Waɗanda aka garzaya da su aka zura waya aka buɗe jijiya ba su fi waɗanda aka fara da magani tsawon rai ba, sai dai masu yawan ciwon ƙirji sun fi samun sauƙinsa. Ya nemi ra'ayin likitan zuciya na biyu a nan kafin ya sayi tikiti. Wanda jijiyarsa ta toshe farat ɗaya kuwa maganarsa daban, shi buɗewar ce ceto.

Sadiq Mai Albasa: 'Yan uwa na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa Yaya bayanan nan, ya ce a yi ekon amma shi har yanzu hankalinsa bai kwanta ba. Jiya muka yi. Minti kamar talatin, Baba har yana hira da mai yi. An ce bangon zuciyar ya yi kauri, ɗakin zuciyar na hagu ya faɗaɗa, ƙarfin turawa 35. Likita ya ce aikin hawan jini ne na shekaru. Gwajin jini kuma ya nuna ƙodar ta ɗan taɓu. An ba shi maganin fitsari da wasu guda uku, daren jiya da matashi biyu ya kwana. Na yi tambayar da Nas Rakiya ta koya mana, na ce siti fa? Ya ce ba yanzu ba, sai ruwan ya sauka an ga yadda ƙoda za ta yi, in ya ga alamar jijiya ce shi da kansa zai tura mu. Yanzu Yaya cewa yake a riƙa maimaita eko duk wata don a ga ci gaba.

Hajiya Uwar Biyu: Alhamdu lillah. Duk wata ya yi yawa, ni sai da na yi wata shida. Ku dai riƙe takardar da kyau, ku ɗauke ta a waya, don in ya koma gida likitan can ya ga inda aka tsaya.

Nas Rakiya: Yawanci sai an yi aƙalla wata 3 ana shan magani yadda ya kamata kafin a sake, sai fa in jikin ya canja. Kuɗin da Yaya zai kashe duk wata ya saya wa Baba abin awon jini na gida da sikeli. A auna nauyinsa kowace safiya, in ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke taruwa, a koma asibiti. A rage gishiri da dunƙulen miya, a bar jiƙon kanwa. Kuma don Allah a hana shi magungunan ciwon jiki na kemis irin su diklofenak da ibuprofen, suna riƙe ruwa suna kuma taɓa ƙoda.

Ɗan Agege: Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai har yanzu da Baba nawa ne, in ƙodar ta warware sai na nemi a yi sitin nan ko don in samu natsuwa.

Sadiq Mai Albasa: Amin. Sai mun koma ranar Talata in ji abin da likita zai ce. Wata matsalar kuma, Baba ya ce shi ba zai fasa azumin Litinin da Alhamis ba, ga maganin fitsarin da safe ake sha. Malam Na'ibi, ko za ka yi masa magana? Ya fi jin ta malamai a kan tamu.

Malam Na'ibi: Ka tambayi likitan tukuna ko azumin zai cutar da shi, ka zo min da amsar. In kun taso daga asibiti ranar Talata ku biyo ta masallaci bayan la'asar, zan zauna da shi.